Kwana Tara a Wurno

Na sauka tasha da la'asar sakaliya,
jaka ɗaya, da warin maganin sansanin Chadi
wanda sabulu ya kasa fitarwa.

Wata yarinya ta ruga cikin gida:
"Inna, ga baƙo!"
Ɗiyar ƙanena ce. A goye na bar ta.

Inna Tumba na yankan albasa, ba ta tashi ba.
Ta auna ni da ido:
"Waɗanga da kaka yi ma aikin Allah,
ko hura ba su ba ka?"
Ta ja bakin zane ta share fuska,
wai albasar bana ta cika yaji.

Kafin isha'i zaure ya cika.
Kawu Labbo ya naɗe hannun riga in gwada jininsa,
Ige ta aiko takardar magani tun ta bara.

Sannan aka lissafa mini waɗanda suka riga mu.
Gida huɗu zan shiga gaisuwa da safe.
Na tuɓe takalmin tafiya,
na zura tsohon silifas ɗin Baba.
Ashe yanzu ya yi mini daidai.