Igiya Mai Ƙulli Biyu

Ran Lahadi a Gujungu na gan ta,
can bayan layin masu awon riɗi,
an tokare mata ƙafa da dutse a gindin darbejiya.
Fijo ce, irin ta da, ruwan madara,
zakin hancinta na nan bai faɗi ba.
Na yi tsaye har wani mai kura ya ce in ba shi hanya.

Shekara shida na yi wa irinta yaron mota.
Ni ne wanki, ni ne faci, ni ne turi in ta yi gardama.
Ban taɓa zama bayan sitiyari ba
sai in maigida ya shiga masallaci.

Ɗanliti, mai ita, ya miƙo makulli.
Murɗawa ɗaya ta amsa, ƙasa-ƙasa,
kamar dattijo na gyaran murya kafin ya raba gardama.
Ya faɗi kuɗi.
Na yi dariya don kar ya ga na haɗiyi yawu:
buhu goma sha huɗu, riɗina duka na bana,
har wanda ya zube a masussuka.

Na kwance igiyar da na ɗauro kaya,
na auna tsawonta, na ƙulla,
na auna faɗinta, na ƙulla.

Sai da gida ya yi barci na fito.
Zaurenmu ko jaki sai ya karkata yake shiga,
dole katanga ta faɗi,
rabinta kuwa ta Malam Tasi'u ce.
Na ja igiya daga turken tumaki,
ƙulli ya sauka tsakiyar rumbu.
Na juya gabas,
ya sauka kan lemon tsamin da Baba ya dasa
shekarar da aka yi mini kaciya.

Hasken tocila ya dafa mini baya.
Barira ce. Ta ce, "Kabarin wa kake aunawa?"

Na faɗa mata.
Ba ta yi faɗa ba. Ta kama ɗaya bakin igiyar,
muka sake aunawa tare, har bayan madafi.
Sannan ta zauna kan turmi ta ce,
"Ni ma ina so in sauka gidan suna daga gaban mota.
Amma me take ci?
Tunkiyata in ta ci, ta haihu.
Wannan in ta sha, sai ta nemi ƙari."
Ta ƙirga a yatsu, ba ta ɗaga murya:
kuɗin makarantar Hansatu a Birnin Kudu,
yanar idon Inna da likita ya ce kar ta wuce bazara,
kwanon ɗakin yara da ke tara mana ruwa a tasa,
taki.
Yatsa ɗaya ya rage. Ta dube ni, ta naɗe shi.

Wani mai albasa daga Taura ya saye ta.
Ya cire kujerar baya, ya ƙara mata ƙarfe a ƙugu.
Duk Lahadi tana wucewa ta bakin garinmu,
gindi a ƙasa, tana warin kaya.
Ina tare ta, in biya kuɗin gaba,
in ce wa yaron da ke janta,
"Sannu da giyar nan, ba tsararka ba ce."

Inna ta zare ƙaya a ƙafar jikanta jiya, da idonta.
Igiyar kuwa Barira na shanya a kai.
Ƙullin biyu na nan.
Ta ce in kwance, suna kama mata zane.
Na ce to, sai gobe.