'Yar Ƙofa Biyu

Ranar da kuɗin sallama suka faɗo,
bayan shekara talatin da biyu ina wanke kwalabe
a ɗakin gwaje-gwaje na Samaru,
ban nemi dillalin fili ba,
ban tambayi farashin ɗan maraƙi ba.
Acaɓa na hau zuwa Kwangila
na ce da Dalhatu mai motoci:
nuna mini 'yar ƙofa biyu.

Ya ce akwai uwa, akwai 'ya,
gida ɗaya, shekara goma sha ɗaya tsakani.

Uwar ja ce, jan da ya koɗe kamar tsohuwar dara.
Fitilunta a runtse suke sai an taɓa,
sannan su ɗago a hankali
kamar wanda aka tasa daga barcin azahar.
Giyar hannu. Kujera ta yage a kafaɗa.
Akwai kaset da ya maƙale a rediyonta,
ba wanda ya san abin da ke kai.

Na san ta.
Irinta ce ta wuce ni a hanyar Shika
ina bisa keke, ƙafar wando ɗaure da roba,
ta watsa mini ruwan damina har cikin baki.
Ban zagi direban ba.
Na raka ta da ido har ta koma ɗigo,
na ce wata rana.
Ga wata ranar ta iso, da furfura.

'Yar kuwa ruwan toka ce, sumul,
ba tari, ba hayaƙi,
giya ma da kanta take sawa.
Tanimu bakanike ya zagaya ta, hannu a baya,
kamar mai gaida majinyacin da ba nasa ba.
Ya ce, Malam, jar nan da kunne nake jin ciwonta,
sufana da tsumma sun ishe ni.
Wannan in ta yi fushi fitila take kunnawa ta yi gum,
sai an kai ta Kaduna an jona mata kwamfuta
kafin ta faɗi inda ke mata zafi.

Dalhatu ya yi tsaki:
kayan tsohuwar fa?
Sai ka tone 'yan gwangwan na Sabon Gari kaf
kafin ka samo mata murfin fitila guda.

Na gwada su.
Tudun titin Ƙofar Doka bai bambanta uwa da 'ya ba,
duka ya kankare musu ciki.
Amma a cunkoson PZ,
taka kuloci, saki, taka, saki,
gwiwar hagu ta fara karanto mini shekaruna
ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda.

Da dare Ramlatu ta ajiye mini tuwo ta tsaya.
Baba, ran da gwiwar ta ƙi,
wa zai kai ka asibiti a jar?
Ni fa takalmi biyu na iya takawa, ban san na uku ba.

Na kwana ina lissafi.
Hankali ya zaɓi tokar tun kafin sha biyu.
Zuciya ba ta ce uffan ba,
ta dai ƙi barci.

Jar na saya.
Dalhatu ya ce albarka sau huɗu kafin ya sallama.

Yanzu kowace Asabar muna filin ƙwallon Hanwa.
Sau bakwai ta mace wa Ramlatu ranar farko,
jiya sau ɗaya.
Ni ne a kujerar gefe,
wadda ban taɓa mafarkinta ba,
gwiwa a miƙe, gilashi a sauke.

Da muka biyo ta Shika bayan ruwan la'asar
ga kududdufi, ga wani yaro bisa keke.
Na dafa hannunta.
Rage, Ramlatu. Rage sosai.

Muka wuce shi a bushe.
Na leƙa madubi:
ya sauke ƙafa ɗaya, yana kallo.