A-kori-kura Biyu

Sallau ya sayo sabuwa a Apapa,
fara tas, kujeru cikin leda.
Tawa Fijo ce, ta girmi ɗan farina,
da igiya nake ɗaure ƙofarta.

Damina ta sauka, Agege ta cika,
kwata ta haɗe da titi.
Tasa ta kurɓi ruwa, wuta ta ɗauke,
wai sai an kawo kwamfuta.

Tawa ta yi tari biyu.
Na hure fulogi, na goge da riga.
Albasa buhu ashirin a bayanta,
ta ja tasa da sarƙa har Oshodi.

Bai ce uffan ba.
Ni ma ban gaya masa
da asuba sai da yara suka tura ni ba.