Asusu Marar Murya

Ran ashirin da takwas ga wata
wayata takan yi tari sau ɗaya,
kafin in karkaɗe alli daga hannuna
Kawo duka ta ji albashi ya sauka.

Babban asusuna gidan bakin titi ne,
ƙofarsa ba ta da sakata.
Bashin ƙungiyar malamai ke fara shiga, ba sallama,
sai mai gidan haya,
sai kuɗin wutar da ba mu gani ba,
sai Sabi'u ƙanena da saƙonsa na kullum:
"Yaya, ko dubu biyar ce."
Bankin ma yakan yagi nasa, hamsin yau, goma gobe,
ɓera ne a buhun gero,
ba ya cin da yawa, ba ya kuma fashi.
Kafin goma ga wata
na koma leƙen lambobi kamar mai leƙen rijiya da bazara.

Shi ya sa ran Laraba, da na sallami 'yan aji huɗu,
na hau keke zuwa shataletalen Leventis,
ruwa na zuba, laimata ta karye a haƙarƙari ɗaya.
Lamba sittin da uku aka miƙo mini.
Na zauna tsakanin wani maƙerin Panteka mai ƙamshin baƙin mai
da wata tsohuwa da ta zo bin fanshon mijinta,
takardunta a ɗaure cikin ledar burodi.

Rifkatu sunanta, a ƙirjinta na karanta.
"Malama Hansatu, ai kina da asusu da mu."
Na sani, na ce. Ƙaninsa nake so.
Ta ce wannan ba shi da cek,
kuma akwai iyakar abin da zai iya ɗauka.
Na ce ni ma haka.
Ta ɗago ta dube ni, sannan ta yi dariya ta hanci.

Hoto ɗaya, lambar BVN, sa hannu wuri biyu.
"Kati fa?" Ba na so.
"Manhajar waya?" Bar ta ita ma.
"Saƙon shigar kuɗi?"
Na ce in da hali, a bar shi bebe.

Kakata Kubura tana da asusun laka a bayan randa,
bakinsa tsaga ɗaya, shiga kawai ya iya.
Har ta rasu ba ta fasa ba.
Mu muka fasa, bayan sadakar arba'in,
sai ga kwabbai da takardun da aka daina karɓa tun ina goye,
asu ya ci fuskokin da ke jiki.
Ba mu san me take tarawa domin shi ba.
Ba ta gaya wa kowa ba, wataƙila har kanta.

Don haka da na zo layin da aka rubuta dalili,
biro ya tsaya.
"Ajiya" na sa, don gurbin ƙarami ne.
Ba zai ɗauki haƙorin da ke hana ni barci tun bara ba,
balle fom ɗin karatun digiri a Rigachikun
da nake cewa baɗi, baɗi, yau shekara shida.

Dubu uku na zuba.
Ta buga hatimi da ƙarfi kamar miliyan ce.

Da na fito ruwa ya ɗauke, kwalta na huci.
Waya ta yi ƙara. Sabi'u.
Na ce masa babu,
sai na ji kalmar ta yi mini nauyi a harshe,
don yau ce rana ta farko da ba gaskiya ba ce duka.

Na ninke rasit ɗin huɗu,
na sa shi a rajistar aji, shafin watan gobe,
inda ban kira sunan kowa ba tukuna.