Zare Biyu

Shekara sha tara ina dafa wake a cikin Huairavo,
ɗan ƙaramin jirgin sojan ruwa
mai kai gas da fulawa da wasiƙu
ga masu gadin fitilun teku, kudu da Punta Arenas.
Ni ne Evaristo, kuku.
Hannun rigata ba zaren zinariya ko ɗaya,
sai tabon mai.

Eulalia Cárcamo zare biyu gare ta.
A takardar albashi, Laftanar.
A tudu takan ƙame ta sara wa rabin bariki.
Amma da ta taka tsanin jirgi
sai bakinmu ya juya:
Kwamanda.

Wata Talata aka kawo mana baƙo,
Kyaftin Baldomero Oyarzún, zare huɗu,
furfura har a gira,
ya zo duba fitilu.
Ta sara masa, ta bar masa gadonta.
Na soya masa ƙwai biyu, ita ɗaya.

Hipólito, sabon yaronmu, yana feraye dankali ya ce,
"Yanzu wa ke da jirgin?
Huɗu ai ta fi biyu."
Na ce, feraye dai.

Da tsakar dare iska ta gangaro daga duwatsun ƙanƙara
ba sallama.
Tukwanena suka kama faɗa da juna.
Na hau da shayi, rabi a kofi, rabi a ƙirjina,
na tarar da tsohon yana cewa,
"Da ni ne, yanzu zan ratsa mashigin
kafin ta ƙara hauka."
Ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe.
Za mu fake bayan tsibiri mu jira asuba."

Shiru.
Matuƙi bai dubi mai huɗu ba.
Ya ce, "Kwamanda?"
Ta ce, "Hagu, ashirin."
Jirgi ya kwanta, ya yi nishi, ya bi.

Na ga jijiyar wuyan tsohon ta tashi,
na ga ta koma.
Ya karɓi shayin, ya ja da baya taku ɗaya,
taku ɗaya tak,
wanda na san ya fi hawan dutse wuya.
Ya ce, "Jirginki ne, Kwamanda."

Kada a tambaye ni wa ya yi daidai.
Gari ya waye ruwa kwance kamar tire.
Wataƙila da mun ratsa lafiya.
Wataƙila da yanzu kaguwa ke ba da labarin.

Na ce wa Hipólito, muna goge miya daga bango:
zare a riga ake ɗinka shi.
Yana bin mutum gida, ya bi shi fansho,
ya kwanta a kan akwatin gawarsa.
Wancan sunan kuwa na jirgi ne, kamar anga.
Aro ake ba ka, da nauyinsa.
Da mun nutse jiya,
sunan mutum ɗaya za a kira a gaban alƙalai,
kuma ba na mai huɗu ba.

Bara aka ƙara mata zare na uku,
da tebur, da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci.
Girma ya ƙaru, in ji jama'a.

Na gamu da ita a kasuwar kifi, tana taya kaguwa.
Bakina ya riga ni: "Kwamanda!"
Ta juyo a hankali,
kamar wadda aka kira da sunan ƙuruciya.
"Na bar shi a tsani, Evaristo.
Wa ke riƙe da shi yanzu?"

Na ce wani yaro ne, gashin bakinsa bai gama fitowa ba.

"Yana tsoron mashigin?"
Na ce yana tsoro.

Ta ce, "Madalla,"
ta biya kuɗin kaguwarta.