Hannun Aro

Ƙarfe bakwai da rabi ɗan kabu-kabu ke sauke ni
bakin bankin da ke kallon hanyar Kasuwar Dole.
Kalla mai gadi ya san tarina, ya san takuna,
amma doka ta ce ya duba katin wuyana.
Na ma'aikata kore ne. Nawa ruwan ɗorawa,
launin baƙo.
Shekara uku ke nan ina baƙunta.

Inna na gaya wa mata a Garin Malam:
"Mutari ai a banki yake."
Ban ƙaryata ta ba. Ta ina zan fara?
Banki ya yi hayar kamfani a ƙetaren teku,
kamfanin ya yi hayar reshe a Yamai,
reshen ya yi hayar hannuwana,
ya ce sauran jikin ba ruwansa.

Mai ba ni umarni murya ce kawai,
Musye Jibo, daga nisan kwana guda a mota.
Ban san ko yana da gemu ba.
Shi ma bai taɓa cewa Mutari ba,
huɗu-bakwai-biyu yake kira,
kamar buhun gyaɗa a sito.

Madam Falmata, taku biyar daga kujerata,
na'urarta ta ƙi buga takarda.
Ga wayar da ta zare ina gani, tana reto kamar jelar ɓera.
Amma sai ta rubuta koke,
koken ya je Yamai, ya haye teku, ya sha shayi,
ya dawo bayan azahar da lamba a goshi,
sannan in sami izinin duƙawa
in soka.

Albashi kuwa ruwan famfon Damagaram ne.
An ce da ƙarfi yake tasowa daga tushe.
Kowace gwiwar bututu ta kurɓi rabonta,
ya iso mana tsakar dare, ɗigo-ɗigo,
Balki ta tara bokiti tana hamma.
Sau ɗaya na ga takardar abin da banki ke biya a kaina.
Na ƙirga sifirin, na sake ƙirgawa,
na fita na zauna gindin bedi
har kunun da na saya ya huce.

Daren bazarar nan da wuta ta ɗauke,
inji ya yi tari uku ya mutu,
ɗakin na'urori ya koma tanderun gurasa.
Yamai ba ta ɗaga waya.
Ni da Kalla muka wangale ƙofofi,
muka ciro batirin mota, fanka biyu, da maficin kaba.
Dattijo mai furfura yana yi wa ƙarfe firfita
kamar jikansa ne ke zazzaɓi,
yana cewa: "Sannu, sannu, ka yi haƙuri."
Da asuba kuɗin mutanen Mirya da Tanut
na nan yadda suka kwana.
Wasiƙar godiya ta tafi ƙetaren teku.
An ce sun sa ta a gilashi.

Da layya ta gabato aka ɗaure raguna a harabar banki,
kowanne da suna a wuya.
Na bi su ɗaya-ɗaya, wai ina duba waya.
Kalla ya kira ni, ya ɓara goro biyu,
ya ɗaga rigarsa ya nuna min katinsa.
Ruwan ɗorawa.
Muka yi dariya har ragunan suka waiwayo.

Jiya saƙo ya zo: an ƙara min wata uku,
kuma in rubuta duk abin da na sani
saboda wanda ka iya zuwa.
Na rubuta kalmomin sirri, na zana hanyar kowace waya.
Ban rubuta cewa na'ura ta uku
sai an mare ta a kuncin hagu take tashi ba.
Babu gurbinsa a takardar.
Idan ya zo, ya tambayi Kalla,
in shi ma yana nan.