Tauraro Nawa Zan Ba Shi?

Kuran ya dawo ƙarfe tara da kwata.
Ina shagon Sahabi, kan hanyar Tibiri,
inji na uku, mai kujerar da ke ɗingishi.
Saƙon Baturen na jirana tun la'asar:
kalma ɗari takwas, jaka shida,
in auna masa wani gidan caca na intanet,
in gaya wa mutanen Ingila ko su zuba kuɗinsu.

Ni da ban taɓa riƙe fam ba.

Gidan ba zaure, ba maigida da za a yi wa sallama.
Lasisinsa daga wani tsibiri ne
da na nema a taswira har idona ya kawo ruwa,
ashe ɗigo ne, kamar kashin ƙuda a kan gilashi.
A bakin ƙofa an rubuta da manyan baƙaƙe:
kawo goma, mu ba ka ɗari.
Can ƙasa kuma, rubutu kamar jerin kiyashi:
sai ka juya ta sau arba'in kafin ka taɓa ta.
Masuntan Madarumfa ma suna ciyar da kifi,
kowa ya san abin da ke cikin tanar.

Na gwada saurin shafin, yana da sauri.
Na yi wa masu amsa tambaya magana,
wata Sofiya ta amsa kafin in ƙifta ido,
ban sani ba ko mutum ce.
Na ce, in na ci, yaushe za ku biya?
Ta ce, muna farin ciki da zuwanka.

Sai Kawu Ma'azu ya faɗo mini a rai,
tela, a unguwar Mokoyo,
fensir a bayan kunne, takarda a aljihun gaba.
Dawakin da ke gudu a Faransa
ya san su har kakanninsu,
bai taɓa jin haniniyar ko ɗaya ba.
Kullum saura ƙiris.
Kullum na huɗu ne ya ci amanarsa.
Ranar da aka ɗauke keken ɗinkin
ƙafafunsa huɗu suka bar tabo a siminti,
Inna Zulai ta yi shekara tana share gurbin
tana kewaye shi, kamar kabarin yaro.

Baturen ya ja layi ƙarƙashin abu ɗaya:
ka nuna cewa gidan nan yana karɓar
har wanda ya sa hannu da kansa
a hana shi caca a ƙasarsu.
Na karanta sau uku.
Wato mutum ya kulle kansa, ya jefa makulli a rijiya,
ni kuma daga Maraɗi
in miƙa masa tsani ta taga.

Ina ganinsa, ko da ban san sunansa ba.
Dare ya raba, sanyi, matarsa na barci,
hasken waya a fuskarsa,
babban yatsa na rawa.
Wataƙila shi ma akwai fensir a kunnensa.

Amma jaka shida, jaka shida ce.
Sahabi na bina kuɗin awa goma sha ɗaya,
tiyar gero ta sake hawa ran Juma'a.

Na ba shi tauraro huɗu cikin biyar.
Na yabi launi, na yabi sauri, na yabi Sofiya.
A sakin layi na bakwai na cusa gaskiya guda,
ƴar ƙarama, kamar allura a cikin dami:
wanda ya shiga nan, in an hana shi nasa,
ba alƙalin da zai kai wa kuka.

Na tura.
Fanka ta juya, wani ɗan kabu-kabu ya wuce da kiɗa.
Amsa ta zo kafin shayina ya huce:
aiki ya yi kyau, abokina,
cire na bakwai kawai, in biya ka.

Sahabi ya leƙo ta kan kanta:
saura minti huɗu, in ƙara maka?